Labarin zuciya a tambayi fuska? Abin da hoton mahaifina ya ɓoye mini

Akwai wani hoto baƙi da fari da na tashi ina gani a gidanmu a Gozaki, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur ta Jihar Katsina. Ba a bango yake ba, domin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda a rataya hoto a ɗaki. A cikin adakarsa yake ajiye, tsakanin takardun haraji da na cinikin auduga, kuma sai ranar da ya aike ni ɗauko wani abu nake samun damar satar kallonsa. A hoton, Baba yana tsaye gefen kekensa ƙirar Raleigh, sanye da farar 'yar shara da hula ƙube, hannunsa na dama a kan sirdin keken. Bayansa labule ne da aka zana wa gidan bene da wata bishiya da ba ta fita a ƙasarmu. Ya ɗaga haɓa, ya ɗaure fuska, ya zuba wa mai ɗaukar hoton ido kamar mai jiran a faɗi magana ya mayar da martani. A bayan hoton babu komai sai hatimin wani mai hoto na Funtuwa, wanda tawadarsa ta kusa gogewa.

Fiye da shekara 40 ina yi wa wannan hoto karatu ɗaya: ranar da Baba ya sayi keke ke nan. Babu wanda ya gaya mini haka, ni na yanke wa kaina. A wancan zamani keken Raleigh a ƙauye matsayin mota yake da shi, kuma da shi ake gane manomin da auduga ta karɓe shi a shekarar. Na dubi tsayuwar, na dubi haɓar, na ce wannan alfaharin mutumin da guminsa ya biya shi ne. Haka na gaya wa 'ya'yana. Haka kuma na rubuta a ƙarƙashin hoton ranar da na ɗora shi a Facebook, 'yan uwa da abokan arziki suka yi ta yi masa addu'a, wasu suna cewa ga fuskar mutanen da, waɗanda suka rayu cikin wadata da kwanciyar hankali.

A Babbar Sallar da ta wuce na je gida, na shiga gaida Goggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakanmu. Idonta ya yi rauni, amma kanta garau yake. Bayan mun gaisa na ciro waya na miƙa mata, na ce, “Goggo, ga Yayanku ranar da ya sayi keke.” Ta karɓa, ta kai ta kusa da ido, ta ce in ƙara masa girma. Na buɗa shi da yatsu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Allah sarki, Yaya. Wa ya ce maka ranar da ya saya ce? Ai ranar da ya rabu da shi ce.”

Na ce, “Anya Goggo, ba ku manta ba kuwa?”

Ta ce, “Kai ɗan nan, ashe boko bai buɗe maka ido ba. Dubi hannunsa na hagu. Me ka gani?”

Na duba. Igiyar roba ce, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan keke, a naɗe a tafin hannunsa. Na kalli hoton nan sau ba adadi, ban taɓa lura da ita ba.

“Wanda ya sayi keke, ɗaura masa igiya yake yi,” in ji Goggo. “Mai sayarwa shi ke kwance tasa.”

Daga nan ta ba ni labarin. Ta ce abin ya faro ne daga shekarar da aka canja kuɗi, wato 1973, lokacin da Naira da Kwabo suka maye gurbin Fam da Sule. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar wannan shekara, kuma duk wanda ya san tarihin Arewa ya san farin da aka yi, wanda ya fi tsanani a ƙasar Nijar da garuruwanmu da ke iyaka da ita. Mu a kudancin Katsina, ƙasar dawa da masara da auduga, da sauƙi; abin da Baba ya girbe zai kai gidansa wata damina idan aka yi tsimi. Sai ga dangin kakarmu sun taso daga arewa, mata da yara da tsofaffi, sun sauka a gidan. Ba a korar baƙo, balle ɗan uwa. Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa sosai. Wata rana da asuba Baba ya hau kekensa. Bai nufi Malumfashi ba, inda kowa ya san shi. Funtuwa ya nufa. Kafin ya miƙa keken ga dillali sai ya biya wurin mai hoto. Da daddare ya dawo a bayan motar kaya da buhunan dawa, kuma da wannan igiyar ya ɗaure bakin ɗaya daga cikinsu. Bai ce wa kowa uffan ba. Da kakarmu ta tambaye shi ina keken, abin da ya ce kawai shi ne yana hannu mai kyau. Bai sake mallakar keke ba sai bayan shekaru.

Ni ina cikin waɗanda suka ci tuwon wannan dawa, ina ɗan shekara huɗu ko biyar.

A daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na yi ta buɗe hoton ina rufewa. Fuskar dai ita ce, haɓar ita ce, idon shi ne, amma yanzu abin da nake gani daban ne: mutum ne da ya danne abin da ke ransa, ya tsaya ya yi sallama da abin da ya fi ƙauna a cikin dukiyarsa ba tare da ya bari ko mai hoton ya gane ba. Babu abin da ya canja a takardar. Ni ne aka ba ni labari, labarin kuma ya canja mini ido. Wannan shi ne dalilin wannan rubutu, domin ina zaton ba ni kaɗai ba ne nake ɗauke da hoto a waya ko a adaka ina yi masa fassarar da na ƙirƙira.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, suna kuma cewa gani ya kori ji. Ban isa in ƙaryata magabata ba, amma ya kamata mu tuna irin fuskar da suke nufi. Fuska ce mai rai, wadda kake zaune da mai ita, kana ganin yadda take canjawa idan an ambaci wani suna, ko an yi sallama a zaure, ko an kawo maganar bashi. Fuskar hoto kuwa ƙiftawar ido ɗaya ce aka tsayar, kuma mai ita ya shirya ta tun daga gida. Su dai waɗannan magabata su ne suka ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Tarbiyyarmu gaba ɗaya a kan ɓoye abin da ke rai aka gina ta. Yaro a gaban wanzami ana gaya masa namiji ba ya kuka. Mace mai naƙuda tana cije leɓe don kada a yi da ita. Amarya tana kuka ranar da aka kai ta gidan wanda ita ta zaɓa da kanta. Wanda aka yi wa rasuwa, ka ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya, alhali zuciyarsa a dagule take. Al'ummar da ta shafe ɗaruruwan shekaru tana koya wa fuska riƙe sirri, ta yaya za a ce wani gilashi ya tona ta cikin daƙiƙa guda?

Ga shi kuma ɗaukar hoto a wancan lokaci ba abin wasa ba ne. Sai an yi wanka, an sa rigar Sallah ko an aro ta maƙwabci, an tanadi kuɗi, an yi tafiya zuwa gari. Masu hoton farko, waɗanda ke lulluɓe kansu da baƙin ƙyalle a bayan akwati mai ƙafa uku, suna gargaɗin mutum kada ya motsa, kuma ko da kyamarori suka ci gaba wannan tsayuwa ta ƙame ba ta bar mu ba. Magidanci ya washe haƙora a gaban baƙo kuwa rashin kamun kai ne. Saboda haka fuskar da kakanninmu suka kai wurin mai hoto ranar aure, ita suka kai ranar neman fasfon Makka, ita kuma suka kai ranar da duniya ta juya musu baya. Yaran yanzu, da suka saba da hoton da ake karkata kai ana murmushi, sukan dubi waɗannan hotuna su ce mutanen da ba su da fara'a. Wanda ya zauna da su a dandali ko a gindin bishiya ranar kasuwa ya san sun fi mu raha nesa ba kusa ba.

Ba fuska kaɗai ke ruɗin mai kallo ba, har da kayan da ke cikin hoton. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani shahararren mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya rasu a 2001, kuma a yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka. An san shi da ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur a wurin aikinsa, yana ara wa masu zuwa ɗaukar hoto, har motarsa ma mutane sukan jingina da ita a ɗauke su. Mu ma a garuruwanmu mun ga irin haka: wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, furen roba, kujerar da ba ta kowa ba ce, da labulen gidan bene irin wanda ke bayan Baba. Wanda ya ɗauki irin wannan hoto ya ce zai auna arzikin mutanen zamanin da shi, ya yi kuskure. Abin da hoton ke nunawa shi ne burin mutum, wato yadda yake son a gan shi, kuma wannan ma tarihi ne mai daraja idan mun san shi muke karantawa. A hoton Baba abin ya zo a juye: keken nasa ne na halak, amma kafin rana ta faɗi ya zama na wani.

Hotunan mata sun fi wuyar karantawa, ga su kuma kaɗan ne. Akwai wani a adakar da aka ɗauka a wajen biki a Malumfashi. Ina jariri a kan cinyar wata mata mai fara'a a tsakiyar sahu, mahaifiyata kuwa tana can ƙarshen layi, ta kawar da kai gefe kamar ba ta san da ni ba. Ranar da ƙaramar 'yata ta gani sai ta ce, “Baba, ashe kakarmu ba ta son ka?” Na yi dariya, sannan na yi shiru, don na gane cewa a cikin gidana ma an fara rasa mabuɗin. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. Matar da ke riƙe da ni abokiyar zamanta ce. Kawar da kan nan da yarinya ta fassara da ƙiyayya, ita ce babbar shaidar da ke cikin hoton cewa wannan mata ita ta haife ni. Baƙon da bai san kunyar ɗan fari ba zai nuna wadda ba ita ba ya ce ga uwar yaron, ya kuma rantse a kan abin da idonsa ya gani.

Akwai kuma hotunan da almakashi ya bi ta kansu. Kusan kowane gida yana da irinsu: an yanke mutum ɗaya, an bar kafaɗarsa ko yatsunsa a kan kafaɗar wani. Aure ne ya mutu, ko rabon gado ya raba zumunci, ko abota ta lalace a kan siyasa. Sau da yawa gurbin da aka yanke ya fi sauran hoton labari, kuma shi ne wanda manya ba sa son a tambaye su.

Idan haka muke ruɗewa a kan iyayenmu, ina ga hotunan da baƙi suka ɗauka? Wanda ya taɓa duba hotunan zamanin mulkin mallaka zai lura da wani abu. Idan Gwamna ne ko Razdan ko Di'o, an rubuta sunansa. Idan sarki ne, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, an rubuta sunansa da ranar da aka ɗauka. Amma manoman da ke tsaye a layi da dammunan auduga a ka, ba su da suna. “'Yan ƙasa a kasuwar auduga” kawai ake rubutawa. Kamfanin Turawa na BCGA, wanda ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, da layin dogo da ya ratsa Funtuwa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, su ne suka ɗaure yankinmu da masaƙun Ingila. Hoton tulin auduga yana nuna albarka. Ba ya nuna cewa da yawa daga cikin masu layin kuɗin haraji suka zo nema, ba ya nuna wanda aka ƙi karɓar audugarsa a sikeli, ba ya kuma nuna masaƙan gida da ke rasa zare. Gozaki tsohon gari ne da sunansa ke cikin tarihin ƙasar Katsina tun kafin jihadi, kuma marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya ambace shi a littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981. Amma idan kakan wani daga cikinmu yana cikin ɗaya daga waɗancan layuka, ba mu da hanyar gane shi.

Kada mai karatu ya zaci wannan ruɗu namu ne mu kaɗai. A watan Maris na 1993 jaridar New York Times ta buga hoton da wani ɗan Afirka ta Kudu, Kevin Carter, ya ɗauka a Ayod da ke kudancin Sudan lokacin yunwa: ƙaramin yaro ya durƙushe, kansa a ƙasa, ungulu tana tsaye a bayansa. Duniya ta girgiza. Aka ce yarinya ce, mutane da yawa suka ɗauka ta mutu nan take ungulu ta cinye ta, aka yi ta tsine wa mai hoton. An ba shi lambar yabo ta Pulitzer a 1994, kuma bayan 'yan watanni ya kashe kansa. Sai a 2011 jaridar El Mundo ta ƙasar Sifaniya ta bi sawu har ta gano mahaifin yaron. Ashe namiji ne, ashe kuma ya tsira daga wannan yunwa, ya girma, zazzaɓi ne ya yi ajalinsa bayan shekaru. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a hannun yaron a cikin hoton akwai abin hannu na roba irin wanda cibiyar ciyarwa ke ɗaura wa yaran da ta yi wa rajista. Miliyoyin mutane sun kalli hoton shekara 18, ungulun ta ɗauke musu hankali, kamar yadda keke ya ɗauke nawa daga igiyar da ke hannun Baba.

Kuskurena a kan hoton Baba bai cutar da kowa ba sai gaskiya. Akwai kuskuren da ke zubar da jini. A watan Yunin 2018, lokacin da aka yi kashe-kashe a yankin Barikin Ladi na Jihar Filato, wasu hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook, ciki har da na wani jariri da aka sassare, ana cewa daga can ne. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya nuna cewa hoton jaririn ya girmi rikicin da watanni. An kashe mutane da gaske a waɗannan ƙauyuka, babu mai musun haka, amma hotunan ƙarya sun ƙara wa wutar fetur, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Mu ma a nan ba mu tsira daga wannan hali ba. Sau nawa aka turo mana hoto a WhatsApp da rubutun “yanzu-yanzu a Faskari” ko “yau a Sabuwa”, daga baya a gano na wata ƙasa ne ko na shekarun baya? Wanda ya rubuta layin da ke ƙarƙashin hoto shi ke riƙe da zuciyar mai kallo. Yanzu kuma an kai inda kwamfuta ke ƙirƙirar hoton abin da bai taɓa faruwa ba, da fuska da hawaye da komai.

Ko hoton gaskiya ma yana da abin da yake ɓoyewa. Dukanmu mun tuna daren Juma'a, 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabtanmu. Bayan kwana shida aka sako su, gwamnati ta ce su 344 ne, aka kawo su Katsina. Hotunan sun zagaya duniya: yara ba takalmi, ƙafafu sun yi furu-furu, wasu sun lulluɓa da bargo. Kanun labarai suka ce murna, kuma lallai an yi murna, mun yi wa Allah godiya. Amma ina roƙon mai karatu ya koma ya sake duban idanun yaran nan a natse. Ni dai yanzu ba na iya cewa na san abin da ke cikinsu. Kyamara ta tafi bayan kwana biyu. Wanda ya san ko yaro yana firgita cikin barci, ko ya yarda ya koma makarantar kwana, ko ya daina magana kamar da, uwarsa ce da ke kwana kusa da shi, ita kuma ba a ɗauki hotonta ba.

Wani abu da ke ci mini rai shi ne yadda muka mayar da gawa abin ɗauka. A yi hatsari a hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko 'yan bindiga su shiga ƙauye, kafin a kawo mayafi an ciro wayoyi. Na san gidan da suka ji rasuwar ɗansu ta hanyar ganin gawarsa a waya, kafin wani babba ya zo ya zaunar da su ya yi musu nasiha yadda aka saba. Masu turawa sukan ce don duniya ta san halin da muke ciki suke yi, kuma ban ce babu gaskiya a ciki ba, domin an sha musanta kisan da hoto ne kawai ya tabbatar da shi. Sai dai wanda ke kwance ɗan wani ne, mijin wata ne. Mutumin da a rayuwarsa ba ya fita ba hula, bai kamata ganin ƙarshe da duniya za ta yi masa ya zama a wannan hali ba.

Na san akwai masu karatu da za su ce duk wannan dogon zance a kan hoto ne, abin da malamai suka yi magana a kansa. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani. Wasu sun taƙaita shi ga lalura kamar fasfo da katin shaida, wasu sun sassauta a kan na kyamara. Wannan fage nasu ne, ba nawa ba, kuma na faɗa tun farko cewa Baba kansa ba ya rataya hoto. Roƙona ɗaya ne. Na ga gidajen da, bayan an yi rasuwa, aka tattara hotunan mamaci aka cinna musu wuta a rana ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ajiye hoto ba yana da hujjarsa, amma kafin ya rabu da shi ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta su wane ne a ciki, a ina, a wace shekara, me ya tara su. Rubutun nasaba da tarihin iyaye dai babu wanda ya hana.

Aikin ba mai tsada ba ne. Fensir ne da bayan hoto, ko kuma wayar nan da muke ɗaukar abin da bai shafe mu ba, a kunna ta a gaban tsohuwa a bar ta ta yi magana. Kada a ce mata “wannan ranar kaza ce ko?” kamar yadda na yi, domin wata don kara sai ta ce e. A miƙa mata kawai a ce, “Me kuka tuna?” Tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe shekara ba, da aukuwa suke riƙe ta: shekarar canjin kuɗi, shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, wato 1972, shekarar da aka kashe Murtala, wato 1976, shekarar da aka ba mu jiha, wato 1987. Ɗan makaranta zai iya mayar da su lissafi. Ina ganin sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma za su iya tura ɗalibai ƙauyukansu da wannan aiki a matsayin kundin kammala karatu, a kuma ajiye kwafi a wuri irin Gidan Arewa da ke Kaduna. Tsofaffin masu hoto na Funtuwa da Malumfashi, waɗanda waya ta kashe wa kasuwa, wataƙila wasunsu ko magadansu suna da buhunan tsofaffin hotuna da gara ke ci a ɗaki. A cikinsu akwai fuskokin yankin nan na rabin ƙarni.

Kafin in yi wannan rubutu sai da na yi ta kai-kawo a raina. Baba ya tafi har Funtuwa ne don kada a sani. Ya riƙe maganar har kabari. Ina ni ina tona abin da ya binne, a jarida kuma? Na koma Gozaki na kai wa Goggo damuwata. Ta yi shiru, tana jan carbi, sannan ta ce, “Ba don kansa ya ɓoye ba. Don baƙin ne, kada su ji sun zame masa nauyi, kada kuma wani ya goranta musu. Yau duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa wasu sun fi ku abin hannu. Rubuta, ko a samu mai yi masa addu'a. Amma kada ka faɗi sunan waɗanda suka ci, ko garin da suka fito.” Shi ya sa mai karatu bai ga suna ko ɗaya ba a nan.

A wannan zuwan na ɗauko adakar gaba ɗaya na kai ɗakinta. Muka zauna daga bayan La'asar har aka kira Magariba, ina miƙa mata hoto ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa ina rubutawa a baya. Ta gane kowa, har wanda aka yanke da almakashi, daga zoben da ke yatsansa. Na ƙarshe shi ne wani da Baba yake zaune a kan benci tare da wani dogon mutum mai tsage a kumatu, sun riƙe hannun juna, kuma shi ne hoto ɗaya tak da Baba ya yi wani abu mai kama da murmushi. Goggo ta juya shi, ta matsa bakin ƙofa wajen haske, ta sake dubawa. Ta ce ta san fuskar, ya taɓa kwana a zaurenmu, tana jin ma ita ta kai masa ruwan alwala, amma sunan ya ɓace mata.

“Wannan kam sai dai Yaya,” in ji ta.

Na rubuta sunan Baba a bayan hoton, na bar fili a gefensa, na mayar da shi cikin adaka.